Torvald Ya Jira Farashi Ya Sauka

Torvald mijin yayata Majken ne. Jirgin ƙasa ya tuƙa tsakanin Gävle da Stockholm har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Aibinsa ɗaya, ya iya hasashen tattalin arziki, kuma yawanci yana cankar daidai.

Kowace shekara, da an kwashe kayan Kirsimeti, sai ya zauna a kicin da kofinsa, ya kasa kunne ga masana a rediyo suna faɗin inda kuɗin ruwa ya dosa. Daga nan sai ya raba abin da suka tara: wani kaso a hannun jari, wani a takardun bashin gwamnati, saura a banki. In an ce matsi na tafe ya janye daga hannun jari, in an ce sauƙi ya koma. Nakan tsokane shi da Gwamnan Babban Banki, shi kuma ya ce ai gara shi da mijina, wanda ko krona ɗaya ba ta kwana a aljihunsa. A nan kam ya fi ni gaskiya.

Abu ɗaya Majken ta taɓa roƙonsa, wato jan gidan katakon da aka haife mu a ciki, can tsibiri, wanda babanmu ya sayar lokacin da kifi ya yi ƙaranci. Ta ɗan haura hamsin lokacin da masu shi suka sa shi a kasuwa. Torvald ya je ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, ya dawo ya ce gidan lafiya lau, amma farashin gidaje ya kumbura, kuɗin ruwa na tashi zai sace. Wani ya saye. Da aka sake sa shi a kasuwa bayan wasu shekaru, ya ƙara tsada, Torvald kuwa ya ƙara tabbata a kan maganarsa.

"Ban ce ba za mu saya ba, Majken," in ji shi. "Lokacin ne bai yi ba."

Ita ba ta yi faɗa ba. Ni na yi a madadinta, har na yi hunturu guda ban taka gidansu ba.

Ana nan ta fara mantuwa. Ta ɗora dankali a wuta ta fita, ta kira ni da sunan mahaifiyarmu. Ana cikin haka kuɗin ruwa ya tashi kamar yadda ya faɗa, farashin gidaje ya faɗi warwas. Ya riga ya fitar da kuɗinsa daga hannun jari tun kafin su ma su zube, don haka ya sayi gidan da araha. Da ya bugo waya yana gaya mini, muryarsa kamar mai karanta labaran yanayi.

Da rana ta fara ɗumi muka kai ta a jirgin ruwa. Ya buɗe ƙofa ya matsa gefe. Ta shiga ta dubi murhu, ta dubi tagar da muke hango kwalekwalen babanmu ta ciki, sai ta zauna a bakin kujera, ko kwat ba ta cire ba, jakarta a cinya. Na nuna mata ɗakin da muke kwana muna yara, ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo.

Na so in ji haushinsa. Na lalubi raina ban samu komai ba, ko tausayi.

Can ta jawo hannun rigarsa, ta rage murya.

"Torvald, gidan wa ka kawo mu? Tashi mu tafi kafin masu shi su dawo."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce to, ya ɗaga ta, ya kulle ƙofar.