Ba Ka Ji Labarin Koharu Ba, Yaya Tetsu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe takwas saura na safe, babbar motar yashi ta take Tetsuzo Nagamine a mararrabar da ke gaban firamaren unguwarmu a garin Amagasaki, ƙasar Japan. Shekararsa saba'in da ɗaya. Motar ta karya hagu ba ta rage gudu ba, ta kwashe shi da tayar baya, ta ja shi a kwalta har ƙofar shagon mai tofu, wato awara. Tutar rawaya da yake tsallakar da yara da ita tana hannunsa, sai da aka ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin a zare ta. Yara tara da ke bayansa ko ƙwarzane ba su yi ba, domin ya riga ya hankaɗe su baya.

Yaya Tetsu, ni ne Seikichi, maƙwabcin kujerarka a makarantar yamma. Ina rubuta wannan da hannun da bai san riƙe alƙalami ba sai da ya shekara sittin da ɗaya. Akwai labarin da na yi niyyar ba ka a aji ranar Talatar nan, ka tafi ba ka ji ba.

Ka san abin da ya kai ni neman lasin tuƙi da furfura. Ƙafafun matata Tsuruko sun ƙi, asibiti kuma sau biyu a mako. Sau huɗu ina faɗuwa a jarrabawar rubutu. Dokokin hanya na haddace su a hankali, amma tambayoyin hoto, inda ake nuna titi a ce ka faɗi ta inda hatsari zai fito, su suka gagare ni. Ni abin da ke cikin hoton kaɗai nake gani.

Sai ka fara zuwa aji da ɗanyen ƙwai a aljihu. Ka kafa kwalin madara a teburina.

"Wannan bas ce, ta tsaya. Me za ka yi?"

"Sai in wuce mana."

Ka ɗaga kwalin, ga ƙwai a bayansa. Ka dunƙule hannu ka rotse shi, gwaiduwa ta fantsamo mini har ido.

"To ka kashe 'yar mutane, tsohon banza. Tashi ka je ka gaya wa uwarta."

Ƙwai goma sha ɗaya ka fasa mini cikin wata biyu. A na bakwai ka haɗa da littafin dokoki, ka naɗe shi ka kwaɗa mini a ƙeya. Na cakumi wuyan rigarka, muka kifar da kujeru, na fasa maka leɓe, kai kuma ka buga kaina da allo. Malama Hirano ta shiga tsakaninmu tana ihu: "Haba iyayena! Shekarunku ku biyu sun haura ɗari da talatin!"

A bakin famfo, kana tofar da jini, ka gaya mini abin da ba ka taɓa gaya wa kowa a ajin ba. Kana da shekara talatin da huɗu, kana tuƙa motar yashi, yarinya 'yar shekara bakwai ta fito a keke daga bayan wata bas. Ka ce ba ka gan ta ba, jin ta ka yi a sitiyari. Ka ce gashinta ya naɗe a taya. Ka yi zaman kurkuku, ka fito, ba ka sake taɓa sitiyari ba har ka mutu.

"Ido maƙaryaci ne, Seikichi," in ji ka. "Ka nuna da yatsa kamar ma'aikatan jirgin ƙasa, ka faɗa da baki. Inda ba ka gani, nan yaron yake."

Na ci jarrabawar a karo na biyar, cikin Maris. Da na nuna maka katin, ko murmushi ba ka yi ba. Cewa ka yi, "Takarda ba ta taka birki."

Yanzu ga labarin. Ranar Litinin da la'asar, kwana ɗaya kafin mutuwarka, na ɗauko Tsuruko daga asibiti. A bakin layinmu wata motar kai saƙo ta tsaya. Titi fayau, ba kowa. Na ɗaga yatsa na ce da ƙarfi, "Bayan mota!" ƙafata na kan birki.

Tsuruko ta yi tsaki. "Kai da mahaukacin abokin nan naka, har yaushe za ku..."

Ba ta ƙarasa ba. Jikata Koharu, 'yar shekara huɗu, ta fito a guje daga bayan motar nan tana kiran "Kaka! Kaka!" Ta hango motarmu daga taga, ta sulale wa uwarta. Na danne birki har kan Tsuruko ya bugi gilashi. Tafukan yarinyar biyu suka sauka a gaban motata, tas. Tsakanin ƙarfe da gwiwarta bai kai taki ɗaya ba. Dariya take yi, tana zaton wasa ne. Ni kuwa na kasa buɗe ƙofa.

Tana nan, Yaya Tetsu! Yanzu haka tana ƙarƙashin teburin nan tana ɓata mini takardu da fenti. A wurin jana'izarka ina kuka, amma duk lokacin da na ji ɗumin hannunta a nawa sai murna ta taso mini. Na ji kunyar hakan, daga baya na gane kai ba za ka ga laifina ba.

Tutarka na karɓa. Daga makon gobe ni zan tsaya a mararrabar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Fumie, da ɗanka Osamu, da 'yan ajinmu da suka bar kujerarka yadda take. Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya yafe maka wancan yini da ka kasa yafe wa kanka, ya haɗa ka da yarinyar nan mai keke cikin salama.

Jiya na je gidanka na kunna maka turare. Fumie ta ga abin da na ajiye a gaban hotonka, ta ce, "Wannan fa, Seikichi?" Ƙwai ne, ɗanye, na goma sha biyu. Bai fashe ba.