Dorathy Mai Neman Wutsiyar Ɓera

Ka taɓa ganin wanda zai yi mafarkin ɓera ya farka yana murmushi? To, ga Dorathy Tizhe, ma'aikaciyar wani ɗakin gwaje-gwaje a Mubi.

Aikinta haɗa sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Ta auna wannan, ta ɗiga wancan, ta jera farantan gilashi goma sha biyu, ta zauna jiran ganin inda ƙwayoyin za su ja da baya. A cikin jiran nan ne hankalinta kan gudu Sahuda, inda ta taso tana jin ɓera na ɓarzar dawar uwarta. Ta karanta cewa masana na neman hanyar taɓa ƙwayar gadon ɓera, ya riƙa haifar maza zalla har zuri'ar ta ƙare don kanta, ba guba, ba mushen kaza. Sai ta lumshe ido, ta ga rumbuna cike, a buɗe, tsit.

Wani malami mai bincike ya ce zai sa ta cikin aikinsa in ta kawo masa samfurin ɓerayen gona ashirin kafin ya bar gari ranar Asabar. Nan da nan ta aika wa Baba Vandi, maƙwabcin iyayenta, a kama mata ɓeraye.

Ranar Alhamis tana sauka daga babur a Sahuda, ƙamshi ya tare ta. Ga Baba Vandi da tire guda, ɓeraye ashirin cif, an babbake, an gasa, an barbaɗa yaji.

"Baba, ai ɗanye nake so," in ji ta.

"Ɗanye? 'Yarmu ta zo daga gari mu miƙa mata ɗanyen nama? So kike a zage ni a unguwa."

"Wuta ta cinye abin da nake nema. Guntun wutsiya kawai nake bukata."

"Duk bokon naki a wutsiya ya tsaya? To, kare ya riga ki."

Ta zauna a kan kututture. Tarkonta takwas ne, rumbunan unguwar sun haura arba'in, Asabar kuwa jibi. A wanne za ta ɗana? Tana kallon tokar gashin, kaza ta ratsa ta bar sawu ɓaro-ɓaro. Dorathy ta miƙe ta ari rariya, ta bi rumbu-rumbu tana tankaɗe toka a gindinsu.

Da gari ya waye, ga ƙananan sawu sun yi ado a ƙasa kamar aikin hula. Inda suka fi yawa ta ɗana tarkunan, ta sa safar hannu, ta hana kowa taɓawa. Ta kwashe, ta sake ɗanawa. Guntayen wutsiya sha bakwai ta kai wa malamin a cikin kwalabe. Ya ɗaga kwalaben ya duba, ya ce ta shiga aikin, sauran ukun su biyo shi.

Kai ma in kana zargin rumbunka, tankaɗe toka a gindinsa yau da yamma, gobe ka duƙa ka ƙirga.