Jimlar da Yaya Ta Goge da Hannunta

Shekara goma sha tara yayata ta yi a kujera ɗaya, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara, tana buga rubutun mutane a kwamfuta a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata tace rubutu. Tsohon editan kamfanin ke bin kowane shafi da fensir, ita kuma ta shigar da gyaransa. Tun tana shigarwa ido rufe, har ta fara tambayar kanta me ya sa ya sare wannan jimla ya bar waccan. Ran nan ta yi ta maza ta tambaye shi.

Ya ce, "Karanta a bayyane. Inda numfashinki ya sarƙe, nan aiki yake."

Makarantar tata ke nan. Mu ma a gida ba mu tsira ba, ko saƙon waya ka tura mata sai ta ce rabinsa surutu ne.

Da tsohon ya ajiye aiki, kowa ya ɗauka kujerar ta Yaya ce. Ina! Mai kamfani ya kwaso wani mai takardar shaida, da jan biro, da doka ɗaya da ya haddace a kwas na sati shida: duk abin da aka maimaita, a yanke.

Ana nan sai ga wani tsohon direban babbar mota da tarihin rayuwarsa, rubutun hannu cikin littattafan makaranta huɗu. Babin ƙarshe na jinyar matarsa ne. Sau biyar a babin ya rubuta, "Na ɗora mata ruwan wanka." Na biyar ɗin ya zo ne kwana biyu bayan an binne ta, shi kaɗai a layinsa, ba ƙarin bayani. Yaya ta ce da ta kai nan sai da ta janye hannu daga kwamfuta.

Sabon edita ya bar na farko, ya zabge huɗu. Yaya ta ɗauki shafin ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, wannan maimaicin shi ne babin gaba ɗaya. Don Allah karanta shi a bayyane ka ji."

"Malama, ke edita ce ko mai bugu?"

Ta kai wa mai kamfani. Ko kallon takardar bai yi ba ya ce ta buga abin da aka ba ta.

Ta buga. Wannan ne ke ci min rai har gobe. Shi editan bai sani ba, ita ta sani sarai, kuma yatsanta ne ya goge. Na yi mata tatas, ta ce yara uku take ciyarwa. Gaskiya ta faɗa, kuma hakan bai rage min haushi ba.

Ranar da littafin ya fito, direban ya zauna a bencin bakin ƙofar kamfanin ya buɗe babin ƙarshe. Ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, ya dawo baya, ya sake bi. Sai ya ɗago kai ya dubi Yaya.

"'Yata, ke kika buga min?"

"Ni ce, Baba."

Ya rufe littafin ya ce, "Ku yi haƙuri da ni, na ba ku wahala. Ban yi nisa a boko ba, shi ya sa nake ta maimaita magana."