Wa Ya Ba Ka Ƙurunƙus?

Kakata Inna Delu ba ta fara tatsuniya sai gyaɗar da ta binne a toka ta fara ƙamshi. Mu zagaye murhu, ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan, mai barci ya tashi." Doka ɗaya gare ta: ba mai cewa ƙurunƙus sai ita.

Akwai ta wani tsohon kare mai ido ɗaya. Wata bazawara ta zo masa da kuka, an sace mata akuya. Ya bi sawu. Kura ta tare shi, ta ce ya koma gida. Ya ƙi, aka karya masa ƙafa. Ya ci gaba da ɗingishi har ya gano bazawarar ce da kanta ta kai wa kura akuyar, don a ɗora wa maƙwabcinta. Ya tsaya tsakiyar kasuwa ya faɗa. Ko ƙashi ba a jefa masa ba.

Ni dai tun wurin karayar na kasa jurewa, na daka tsawa, "Ƙurunƙus!"

Ta ƙwale ni da muciya. "Ɗan nema, wa ya ba ka? Karen ya ce maka ya gama?"

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin na sake gamuwa da karen nan, shekarar wasannin Olamfik, lokacin da biza ta yi wuya, mutanenmu na ta tattara kaya. Ɗana Sanusi ya biyo ni har masaukina a unguwar Liuhua, wai na tsufa, in koma Kano in bar masa sarin wandunan da nake yi a garin Xintang.

Ran nan na nemi fim ɗin faɗa wajen mai faifai. Ya ce, "Meyo, laban," wato babu, maigida, ya miƙo mini wani tsohon fim mara kala. Turanci suke yi, an rubuta Sinanci a ƙasa. Ni da na gudu daga aji biyu, duka biyun kukan tsuntsu ne a wurina. Sanusi ya ce daga littafin kisan kai aka ɗauko shi.

Ga hukuncina, na jahili. Fim ɗin ya yi. Wani mai bincike ne mai malafa, fuska kamar bai taɓa ƙoshi ba. Mace ta shigo ofishinsa tana kuka, idon a bushe. Na ce, "Bazawara ce!" Ƙarti suka jibge shi a lungu, ya tashi, ya karkaɗe malafa. Duhun ma da gangan ne: rabin fuskar kowa kake gani, kamar a ciniki. Aibinsa ɗaya, taba. Hayaƙin ya ishi gasa rago.

Daidai inda aka jibge shi karo na biyu Sanusi ya kai hannu zai kashe. "Baba, ka ga irinta. Mutum ya san lokacin da zai haƙura."

Na buge hannun. "Wa ya ba ka?"

Muka kalla har ƙarshe. Ya tona matar, bai samu komai ba, ya fita cikin ruwan sama shi kaɗai.

Ina yaro na ɗauka rowa ce ke hana Inna sakin kalmar. Ashe tausayi ma kan rufe labarin mutum tun bai gama ba. Sanusi tausayina yake ji, na sani, kamar yadda na ji na karen.

Da safe na ɗauki sandata na hau motar Xintang. Ranar da Mai Sama ya rufe labarina, ba zan yi musu ba. Amma Sanusi ni na raɗa masa suna.