Fom ɗin da Baba ya ƙi cikewa

Jiya na ji ƙarar tsohuwar tafireta a bakin kotu. Sai na tuna wani tsohon magatakardan kotu a Kiru da muke kira Baba. A zamanin soja, duk mai neman gurbin karatun lauya zaurensa yake zuwa. Shi ke cike mana fom, ya koya mana amsa tambayoyin masu tantancewa.

Ranar da na kai nawa, zauren na ƙamshin tawada da goro. Ya ce, "Ɗana, me ya sa lauya?"

Na ce, "Baba, da shaidar zur aka ƙwace gonar mahaifina a garinmu Yako. Sai na rama."

Ya zare takardar daga tafiretarsa a hankali, ya miƙo mini. "Je ka. In zuciyarka ta huce, ka dawo."

Na tafi Bebeji a fusace, wani ya cike mini. Na samu gurbin, amma ban ƙara taka zauren ba. Bayan rasuwarsa matarsa ta gaya mini cewa har a gadon jinya yana tambaya, "Yaron Yako bai zo ba?"

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Allah ya sa ka yafe mini kafin ka cika.