Sirrin Turaren Ya Gumsu

Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya da Ya Gumsu a Gwange, amma ban taɓa leƙa ɗakin da take haɗa turaren wuta ba. Ni da nake ɗinka mata kaya ma, iyakata bakin ƙofa. Kakarta ce ta koya wa uwarta haɗin, uwar ta koya mata, kuma a gidansu 'yar cikinka kaɗai ake ba wa. Ita kuwa maza huɗu Allah Ya ba ta, babu mace. Duk amaryar da ta amsa sunanta a unguwar nan da turarenta take tarewa, shi ya sa idonta ke kan kowa. Ko atishawa ka yi kusa da kaskonta sai ta ce shinshinar sirri kake.

Bara Siddiƙa 'yar gidan Babagana mai walda ta yi mana sallama a gidan Ya Gumsu da waya a hannu. Tana aji biyar a sakandare, ana koya musu aikin jarida. Malaminsu, Alfred, ya ce kowa ya yi hira da mai sana'a, ya naɗo muryarsa, wannan ce jarrabawar zangon.

Ya Gumsu ta ja ni gefe. "Kin san gwaggon yarinyar nan? Ammatullahi ta Bulabulin! Shekara goma tana kwaikwayon turarena yana fito mata kamar hayaƙin bola. Yaushe aka fara karatun turare a boko? Turo ta aka yi."

Gaskiya ni ma na yarda, don Ammatullahi ba ta da ta ido.

Sai Ya Gumsu ta shimfiɗa wa yarinya tabarma, ta ba ta labarin uwarta da na amare har aka kira la'asar. Can ta rage murya ta ce, "Wannan tsakanina da ke ne, amana." Ta lissafa kayan haɗin, sandal da hawi da kajiji da farce, sannan ta ce sirrin shi ne a jiƙa icen a ruwan kanwa kwana uku. Kanwa fa! Na kusa haɗiye allurar da ke bakina. Ƙarya ce tsagwaronta, tarko ta ɗana.

Daga nan ta mai da ni 'yar leƙen asiri. Kowace Juma'a sai na hau keke Napep zuwa Bulabulin na sayo turaren Ammatullahi, Ya Gumsu ta zuba a garwashi, ta rufe ido tana neman warin kanwa. Mako bakwai muna haka, shiru. Ta ce, "Makira ce, jira take mu manta."

Da aka yi hutu muka haɗu da uwar Siddiƙa a gidan suna, fuska a murtuke. Ashe Ammatullahi ta ji labarin hirar, ta zo har gida ta tsare yarinya sai ta kunna mata. Ta yi lallashi, ta yi zagi, ta kai hannu za ta fizge wayar. Siddiƙa ta goge hirar gaba ɗaya a gabanta, saura kwana biyu a miƙa aiki. Kunya ta hana ta komawa neman wata. Yarinyar da take ta ɗaya a darasin, sifili ta kwaso.

Ya Gumsu ta aika aka kira ta. "Ke, me ya kai ki? Da kin kunna mata kin huta."

"Ya Gumsu, Malam ya ce abin da aka faɗa wa ɗan jarida a amana ba ya fita, ko da wuƙa a wuya. Ki kwantar da hankalinki, maganar kanwa ko mahaifiyata ban faɗa wa ba."

Wallahi kunya ta kama ni kamar na nutse, ni da na yi ta zaryar Bulabulin. Ya Gumsu ta miƙe tsaye. Sai ta kwance makulli daga haɓar zaninta, ta buɗe ɗakin nan, ta ce wa yarinya ta ajiye waya ta cire takalmi. Ni kuwa ta ce na tafi gida, wai ɗinki na jirana.

Na tafi, amma na manna kunne a katanga, ba zan ɓoye ba. Na ji Ya Gumsu tana cewa, "Da farko dai, 'yata, babu kanwa a ciki."