Yadin da Ya Ruɓe a Ƙarƙashin Fenti

A gidanmu na Ammariyya, hira ba ta yin nisa sai jirgi ya katse ta. A lokacin filin jirgin Jidda yana cikin gari, kusa da mu, kuma manyan jiragen alhazai kan sauko ta saman rufinmu har mu ga tayoyinsu suna fitowa. Da an idar da Magariba, mu yara mukan haye saman bene wurin kakarmu ta wajen uba. Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan, inda aka haife ta. Takan zauna gaban kaskon gawayi tana soya gahawa, maficinta a hannun hagu, mu kuma mu kewaye ta muna jiran tatsuniya kafin a kira Isha.

Tatsuniyoyinta na ban dariya ne galibi, na kura da dila da sarakunan da ba su da wayo. Amma akwai wani yammaci da ban manta ba. Ina da kamar shekara goma. Iska ta tsaya cak, laimar teku ta sauko ta manne mana a jiki, gawayin ma ya ƙi kamawa sosai. Sai wani ɗan ƙaramin jirgi ya ratsa ta kanmu, injinsa yana tari kamar tsoho. Habboba ta ajiye mafici. Ba ta ɗaga kai ba, ta dai saurara har ƙarar ta ɓace ta wajen teku.

"Ku matso," in ji ta. "Ga ta nan a gabanku, amma ta yau babu kura babu dila. Ni ce a ciki."

Ta ce a shekarun da ita da kakanmu suka zo aikin Hajji suka zauna, an yi wata fara da ta addabi ƙasar, aka kawo ƙananan jirage suna yi mata feshi. Da fara ta lafa, masu aikin suka tafi suka bar jirage huɗu da suka tsufa a gefen filin. Mutum huɗu masu hali a gari suka saye su, kowa ɗaya, kowa ya gina rumfarsa. Ba sa shiri da juna. In wannan ya tashi da safe ya zaga gari, wancan sai ya tashi da yamma ya zaga sau biyu. Wanda ya samu wani ƙarfen gyara sai ya ɓoye, kada maƙwabcinsa ya ji.

Kakanmu, wanda kowa ke ce wa Usta Bala, wato gwanin gyara, ya koyi gyaran irin waɗannan jirage tun a gonakin auduga na Sudan. Shi ya sa ɗaya daga cikin mutum huɗun, wani attajirin yadi mai suna Salim, ya ɗauke shi aiki ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zaman ƙasar. Ƙanin Habboba kuwa, Idirisu, magidanci mai mata da 'ya ɗaya, shi ke kula da jirgin wani likita, Daktor Munir. Rumfunan biyu suna kallon juna.

"Kun san da me ake rufe fiffiken irin waɗannan jirage?" Habboba ta tambaye mu. Muka ce ƙarfe. Ta girgiza kai. "Yadi. Yadi kamar na rigar ubanku. A ja shi a kan katako, a ɗinke da basilla, a shafe da fenti har ya yi tauri kamar fatar ganga. Kuma a duk Jidda ba wanda ya kai ni iya wannan ɗinkin."

Mace ba ta shiga filin jirgi, don haka duk abin da ke son ɗinki a kan amalanke ake kawo mata shi har tsakar gida. Wata rana kakanmu ya kawo wani ɓangare na wutsiyar jirgin Salim, da 'yar yagewa da ba ta kai tsawon yatsa ba. Fentin rawaya ne, sabo, yana ƙyalli. Ta zura basilla, sai ta ji ta shige ba tare da ta tura ba. Ta ja zare, zaren ya keto yadin ya fito. Sai ta ɗora babban yatsanta a wani wuri mai lafiya, nesa da yagewar, ta ɗan danna. Yatsan ya burma.

"Kamar ƙonanniyar takarda," in ji ta. "Laimar garin nan da gishirin teku sun cinye shi ta ciki, fenti ne kawai ke riƙe da shi. Na kira kakanku na ce, Usta, zo ka gani. Ya gani, ya zauna a ƙasa. Na ce masa, jiragen nan huɗu tare suka zo, tare suka tsufa. Abin da ya ci wannan ya ci sauran."

Kakanmu ya je ya gaya wa Salim. Salim ya sa aka rufe rumfarsa, ya fito da sabon yadi daga kantinsa, ya ce a sake wa jirginsa sutura daga kai har wutsiya, a ɓoye. Da kakanmu ya ce to sauran fa, sai Salim ya ce in hukumar fili ta ji, za ta hana duka huɗun tashi har abada, kuma shi ba zai zama abin dariyar likita ba. Ya ce, "Kowa ya duba nasa. Halas, magana ta ƙare. In na ji maganar nan a bakin wani, ka san a hannun wa iƙamarka, takardar zamanka, take."

Kakanmu ya dawo gida ya sa Habboba ta yi masa alkawari. Suna da yara uku ƙanana, babanmu ne na goye, kuma ba su bar komai a Sudan da za su koma wa ba. Ta yi alkawarin. Tsohon yadin wutsiyar ta naɗe ta cusa can ƙasa a cikin akwatinta.

A nan Habboba ta tsaya ta juya gahawar da ta fara ƙonewa.

Ta ce tun daga ranar kunnenta ya koma filin jirgi. Ta san muryar kowanne a cikin huɗun, na likita yana da wani ɗan kaɗawa idan ya ɗaga. In ta ji ya tashi sai ta bar abin da take yi ta tsaya a tsakar gida, ba ta komawa kan aikinta sai ta ji ya sauka. Ya tashi ran Asabar, ya dawo. Ya tashi ran Talata, ya dawo. Sai ta fara gaya wa kanta wataƙila nasa bai ruɓe ba, wataƙila rumfarsa ta fi tsare laima.

Ran Alhamis Idirisu ya zo cin abincin rana, kamar yadda ya saba. Ta yi masa miyar kuɓewa busasshiya, wadda yake so. Yana ci yana ba ta labari cewa gobe shi da Daktor za su bi gaɓar teku har garin Rabig su dawo, tafiya mafi nisa da suka taɓa yi. Kakanmu yana zaune, idonsa a cikin kwano.

"Na ce masa, Idi, ka duba fiffikenka da kyau. Ya yi dariya ya ce, Yaya, ai makon jiya na shafe shi, in kin gan shi kamar ango. Na ce, ka dai duba. Ya ce, to Yaya, in sha Allah. Ya wanke hannu, ya ɗauki babanku ya cilla sama ya cafe, ya fita." Habboba ta ɗauki maficinta. "Akwatin yana bayansa. Da ya miƙa hannu da ya taɓa shi."

Da safiyar Juma'a ta ji sun tashi. Aka yi Azahar ba ta ji sun dawo ba. Aka yi La'asar. Ta hau saman bene ta tsaya tana duban arewa har rana ta faɗa teku. Washegari masunta suka kawo labari. Sun ga jirgi rawaya yana tafe ƙasa-ƙasa, sai wani abu ya ɓalle daga fiffikensa yana kaɗawa kamar shanya, jirgin ya karkata ya faɗi a ruwa mara zurfi. Sun ciro likita da rai, ƙafafunsa a karye. Idirisu kuwa sai gawarsa.

Aka yi zaman makoki, mutane suna cewa kwana ne ya ƙare, ita ma tana amsawa. Sauran jirage biyun da ba a taɓa ba suka yi mako biyu a ƙasa don alhini, sannan suka ci gaba da tashi. Tana jin su kowace safiya.

Bayan wata biyu Daktor Munir ya fito daga asibiti, ya zo ta'aziyya a kan sanduna. Sauran masu jiragen suka rako shi, har da Salim, suka zauna a zaure tare da kakanmu. Habboba tana bayan labule tana haɗa gahawa. Sai ta ji ɗaya daga cikinsu yana cewa gobe zai ɗauki 'ya'yansa biyu ya nuna musu gari daga sama.

"Ban san lokacin da na buɗe akwatin ba," in ji ta. "Na yafa mayafi, na ɗaga labule, na shiga tsakiyar maza. Kakanku ya ce, Hajiya! Ban dube shi ba. Na shimfiɗa yadin a gaban likita, na ɗora yatsa, na danna. Na sake dannawa a wani wuri. Sau uku. Na ce, wannan na jirgin Salim ne, kuma naku duk haka suke."

Salim ya kafa wa kakanmu ido. Likita ya ɗauki yadin ya murza, ya zama gari a hannunsa. Sai ya juyo gare ta ya tambaya.

"Ya Hajja, tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara kafin ku tashi."

Ta ce ta zaci zai tsine mata, ko ya kai ƙara a kwashe su duka a zuba a jirgin ruwa a mayar da su Sudan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ga Salim ya ce, "Ran Alhamis bayan La'asar, a gidana. Dukanku, kowa da ustansa. Wanda bai zo ba, ni da kaina zan kai wannan yadin hukuma da sunansa."

Suka je. A wannan zama ne ƙungiyar masu tsofaffin ƙananan jirage ta fara. Likita ba shi da jirgi kuma, bai ƙara tashi ba har ya mutu, amma shi ya riƙe ta. Dokarsu ta farko ita ce duk wanda ya ga aibi a jirginsa, komai ƙanƙantarsa, ya faɗa a gaban kowa. Usta yana zama a tabarma ɗaya da mai jirgi, kuma ba a korarsa don ya yi magana. Jirgi ba ya tashi sai ustan wani ya duba shi. Da aka yaye yadin sauran biyun, an same su sun fi na Salim lalacewa. Daga baya wasu masu irin jiragen daga Ɗa'ifa da wasu garuruwa suka riƙa zuwa zaman Alhamis, ana musayar kayan gyara da a da ake ɓoyewa.

Salim bai kori kakanmu ba, don idon likita yana kansa, amma bai ƙara yi masa magana ba sai ta bakin ɗan aike. Matar Idirisu, da labarin kwana taran ya kai gare ta, ta ɗauki 'yarta ta koma Sudan ba ta yi wa kowa sallama ba. Habboba ta aika mata wasiƙa sau da yawa ta hannun alhazai. Ba amsa.

Yayata ta ce, "Habboba, to ai ke kika ceci yaran nan biyu."

"Na ceci 'ya'yan wani," in ji ta. "Yalla, ku tashi, an kira salla." Ba ta rufe da abin da ta saba rufe tatsuniya da shi ba. Ta zuba ruwa a kan gawayin, muka sauka a cikin hayaƙi.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na jarumtar kakata. Sai da na girma na gane ba yabon kanta take yi ba. Tana da jikoki da yawa, kuma ta san irin rayuwar da ke jiranmu: takardunmu a hannun wani, abincinmu a hannun wani, kullum akwai dalili mai kyau na yin shiru.

Ina da 'ya'ya huɗu lokacin da nake aikin girki a wani ɗakin biki a unguwar Waziriyya. Wata rana na ji warin ƙonewar waya a bayan bangon kicin, na taɓa bangon na ji shi da zafi. Na gaya wa mai kula da wurin. Ya ce akwai biki jibi, ɗaruruwan mata za su zo, in ja bakina sai an gama. Washegari na je na gaya wa uwar amarya, ita kuma ta kira 'yan kwana-kwana. Aka rufe wurin wata guda, aka ɗaga bikin, ni kuma aka sallame ni a ranar. Amarya ta yi kuka, danginta wasu har yau ba sa amsa gaisuwata.

Babu abin da ya ƙone, don haka babu wanda ya gode mini, kuma ba zan taɓa sanin ko da wani abu zai faru ba. Na yi wata bakwai ina neman aiki. Amma a cikin watannin nan bakwai, ko sau ɗaya ban tsaya a tsakar gida ina saurare ba.